Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga kwamishinonin ilimi na jihohin Arewa: me sabon malamin Faransanci zai karanta?

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ranku ya daɗe masu girma kwamishinonin ilimi na jihohinmu na Arewa, da shugabannin hukumomin ilimin bai-ɗaya na jihohi, da daraktocin da aka ɗora wa kula da horar da malamai. Ina gaishe ku da aiki, ya fama da jama'a, Allah ya taya ku riƙo.

Ni malamar Faransanci ce a ƙaramar sakandaren gwamnati, na daɗe da alli a hannu, kuma wannan wasiƙa ba da bakina ni kaɗai nake rubuta ta ba. Muna da zaure a WhatsApp inda malaman wannan darasi suka taru, wasu daga Kano wasu Katsina, akwai 'yan Zariya, Sakkwato, Gusau, Bauci har Yola, kuma yawancin masu shigowa yanzu sababbin ɗauka ne, ƙannenmu da 'ya'yanmu da suka gama NCE ko digiri, ga kuma 'yan bautar ƙasa da ake turowa duk shekara. Su suka sa ni wannan rubutu, don da wuya sati ya wuce wani bai turo tambayar nan ba: Malama dan Allah wane littafi zan karanta in iya koyarwa? Ba littafin yara yake nufi ba, wannan yana da shi ko da fotokwafi ne. Littafin shi kansa malami yake tambaya, wanda zai nuna masa yadda yaro ke koyon harshen da ba ya ji a gida ba ya ji a unguwa, da abin da zai yi da minti arba'in ɗin nan da aka ba shi. An ɗauki sababbin malamai a wasu jihohi, mun yi murna wallahi, an raba musu takardar fostin, amma har yau ba mu ga wanda aka haɗa wa da ko shafi goma na abin karantawa ba.

Kafin in shiga koke bari in tuna mana cewa ba mu muka ce a koyar da harshen nan ba, gwamnati ce. A 1996 marigayi Janar Sani Abacha ya bayyana Faransanci a matsayin harshen hukuma na biyu a Najeriya, aka shigar da maganar cikin kundin manufofin ilimi na ƙasa na 1998, bugun 2004 kuma ya ce dole ne a firamare da ƙaramar sakandare, a babbar sakandare na zaɓi. Hukumar NERDC mai tsara manhajojin makarantu ta tsara manhaja da ta sa a fara shi tun aji huɗu na firamare. Kuma duk cikin ƙasar nan ba wanda ya kai mu dalilin koyon sa, iyakarmu da Nijar ta kai kusan kilomita 1,500, ga Chadi ta Borno, ga Kamaru ta Adamawa da Taraba, ga Benin ta Kebbi da Neja. Ɗan kasuwar Illela da ke shiga Kwanni, da na Jibiya da ke zuwa Maraɗi, Hausa ta ishe su ciniki amma takardar kwastan da ta asibiti da ta makaranta duk da Faransanci ake ba su.

Kokenmu na farko shi ne kaɗaici. Malamin lissafi in ya zo sabo zai tarar da biyu ko uku a sitaf rum, zai ga yadda suke yi, zai ari lesin not ɗinsu, in ya kauce su gyara shi. Malamin Faransanci kuwa kusan ko'ina shi kaɗai ne a makarantar, wani ma shi kaɗai ne a ƙaramar hukumar gaba ɗaya. Firinsifal ba ya jin harshen, sufeto in ya zo ba ya ji, sai ya duba ko an cike dayari an sa hannu ya tafi. To wanda ba shi da babba a kusa, littafi ne ya kamata ya zame masa babba, shi kuma ba a ba shi ba. An ba shi gona ba a ba shi fartanya ba.

Na taɓa zama a bayan ajin wani yaro sabon ɗauka da ya roƙe ni in zo in gan shi, yaro mai ƙoƙari ƙwarai, Faransancinsa ma ya fi na wasunmu daɗin ji. Ya shigo ya raba allo gida biyu, gefe ɗaya ya jera je suis, tu es, il est har ƙasa, ɗaya gefen j'ai, tu as, il a, ya ce a maimaita, yara suka ɗauka da ƙarfi har ajin kusa na jiyowa, aka yi ta yi aka yi ta yi, sannan ya ce a kwafa a littafi, kafin na baya su gama an buga ƙararrawa. Da za mu fita na tsayar da wata yarinya a bakin ƙofa, littafinta tsaf ba kuskure ko ɗaya, na ce mata comment tu t'appelles, ta tsaya tana kallon malaminta. Zango na biyu ke nan fa. Shi kuma idonsa ya kawo ruwa ya ce Malama haka aka koya mana, ban san wata hanya ba. Gaskiya ya faɗa, kuma ba laifinsa ba ne, abin da ya gani ana yi masa shi yake yi wa na ƙasa da shi, haka za a yi ta gado har ranar da wani ya miƙa masa abin da zai buɗe masa ido.

Abin da ke ƙona min rai shi ne amsar matsalar yaron nan tana nan a rubuce shekaru da dama, kuma ba wani ɓoyayyen ilimi ba ne. Tun farkon shekarun 1980 Stephen Krashen na Jami'ar Kudancin Kalifoniya ya yi ta nanata cewa harshe yana shiga ne ta hanyar jin magana da karanta rubutun da mutum yake ganewa, wanda ya ɗan ɗara matsayinsa kaɗan, kuma tsoro da kunya suna toshe hanyar shigar, littafinsa na 1982 ma ya saka shi kyauta a intanet. Da malamin nan ya karanta ko babi ɗaya da ya gane cewa gara ya ɗaga biro ya ce c'est un stylo, ya ɗaga littafi, ya nuna ƙofa, ya sa yara su tashi su zauna su buɗe su rufe da umarnin Faransanci, da ya cika allo da jadawalin aikatau. Ba a tsaya kan Krashen ba kuma, an yi masa raddi mai ƙarfi, wannan ma yana da kyau sabon malami ya sani don kar ya ɗauka magana ɗaya ce tak. A 1985 Merrill Swain ta Toronto ta duba yaran Kanada masu jin Ingilishi da ake koya wa komai da Faransanci tun suna ƙanana, ta ga suna gane magana sosai amma in suka buɗe baki kurakuran nahawu na nan daram, ta ce ji kaɗai bai isa ba, sai an matsa wa yaro ya yi magana ya yi rubutu, a nan ne zai gane inda iliminsa ya tsaya. A 1997 Roy Lyster da Leila Ranta suka zauna a azuzuwan Faransanci a yankin Montreal suna ƙirga yadda malamai ke gyara kuskure, suka ga fiye da rabin gyaran shi ne malami ya maimaita jimlar yaro daidai ya wuce, kuma wannan salon shi ne wanda yara suka fi rashin lura da shi, wanda ya fi sa yaro ya gyara da kansa shi ne a tsayar da shi a ba shi alama ya sake gwadawa. Ranku ya daɗe wannan fa ajin Faransanci ne irin namu, kuma abu ne da malami zai karanta da daddare ya gwada da safe ba tare da an kashe ko sisi ba.

Sai Paul Nation na ƙasar Niyu Zilan, wanda ni a ganina shi ya fi dacewa a fara ba sabon malami don maganarsa a miƙe take. Ya ce a raba lokacin koyon harshe gida huɗu kusan daidai: saurare da karatu don fahimtar ma'ana, magana da rubutu don isar da saƙo, nazarin nahawu da kalmomi da furuci, sai kuma maimaita abin da aka riga aka sani har baki ya saba ya daina sarƙewa. Ku auna da ajinmu, kusan duk lokacin a gida na uku yake ƙarewa, sauran ukun fayau. Ba cewa nake a bar nahawu ba, jarabawa na tambayarsa kuma harshe ba ya tsayuwa sai da shi, amma rubu'i ne ba duka ba.

Akwai kuma kundin auna ƙwarewar harshe na Majalisar Turai da ke Strasbourg, wanda Faransawa ke kira CECR, ya fito a 2001, shi ya kawo matakan A1 zuwa C2 da jarabawar ƙwarewa a Faransanci ta DELF ke bi, kuma kyauta yake a shafinsu. Kundin yana da nauyi, ban ce a ɗora wa sabon malami shi duka ba, amma shafukan da suka faɗi abin da mai matakin A1 zai iya yi, ya gabatar da kansa, ya tambayi farashi, ya cike fom mai sauƙi, waɗannan sun isa su canja masa tambayar da yake yi wa kansa, daga wane babi na kai zuwa me yaran nan suka iya yi da harshen.

Koke na biyu, ko wanda ya dage ya nemo littattafan nan da kansa sai ya ci karo da bango biyu. Na farko kuɗi, littafin koyarwa da aka buga a Faransa ko Ingila in aka juya kuɗinsa zuwa naira yanzu sai ya lashe kaso mai tsoka na albashin sabon malami, a ƙasar da mafi ƙarancin albashi yake naira 70,000 tun 2024 kuma mun san ba ko'ina ya kai hannun malaman ƙananan hukumomi a kan lokaci ba, mutum na da haya da abinci da kuɗin mota. Mujallar malaman Faransanci ta duniya, Le français dans le monde, tana fitowa tun 1961, yawancin ƙannen nan ba su taɓa riƙe ta ba. Bango na biyu ya fi tsayi: ba don mu aka rubuta su ba. Marubucin yana hango aji mai yara goma sha biyar ko ashirin, kowa da littafinsa, ga majigi ga sifika ga wuta, sai ya ce a raba su biyu-biyu malami ya zagaya ya saurari kowa. Mu kuma yara tamanin ne ko fiye, wasu a ƙasa, ba wurin sa ƙafa balle zagayawa. Sabon malami sai ya karanta ya gwada sau ɗaya aji ya rikice da hayaniya, firinsifal ya leƙo, shikenan ya rufe littafin ya ce wannan na Turawa ne ya koma je suis tu es. Alhali akwai rubuce-rubuce kan koyarwa a babban aji da ƙarancin kayan aiki, kayan TESSA na Buɗaɗɗiyar Jami'ar Ingila ma don malaman Afirka aka yi su kuma cibiyar horar da malamai ta ƙasa, NTI ta Kaduna, na cikin waɗanda aka yi aikin da su, sai dai ba wanda ya tattaro wa malamin harshe nasa kason ya ce ga naka.

Kuma ba littafin da ya san ɗan Bahaushe. Yaronmu yana haɗa p da f, yana mai da v ta koma b, wasalin u na Faransanci da wasulan hanci suna ba shi wuya ta hanyar da ta bambanta da ta ɗan Legas ko ɗan Landan. A ɗaya gefen yana da gatan da mai Ingilishi ba shi da shi, don tun yana goye ya san suna na da jinsi, ya san ana cewa rigar nan ta yi kyau, wandon nan ya yi kyau, ya san kai da ke da ku na girmamawa. Malamin da ya san haka cikin minti biyar zai fahimtar da yara le da la da tu da vous, ya kuma gargaɗe su cewa jinsin ba ya zuwa ɗaya kullum, rana tamata ce a wurinmu a wurinsu namiji, wata kuma akasin haka. Amma me muke yi? Muna koyar da Faransanci ta cikin Ingilishi ga yaron da Ingilishin ma bai zauna masa ba, ya zama yana hawa tsani biyu lokaci ɗaya, kuma malamin na jin tsoron sa Hausa a ciki kar a ce bai iya aiki ba, don ba wanda ya taɓa nuna masa a rubuce inda harshen gida ke taimako da inda yake hana ruwa gudu.

Abin mamaki masu wannan ilimin suna nan kusa da mu. Nijar ta buɗe makarantar gwaji ta farko mai koyarwa da Hausa da Faransanci a Damagaram tun 1973, wato sun fi shekara hamsin suna fama da tambayar da muke yi yau, yadda za a kai ɗan Bahaushe ga Faransanci. Shirin IFADEM na horar da malamai daga nesa ya yi wa malamansu ƙananan littattafai kuma suna intanet. Daga Katsina zuwa Maraɗi bai kai Katsina zuwa Kano nisa ba, akwai jami'a a Maraɗi akwai a Damagaram, amma malaminmu na Jibiya bai san abin da takwaransa na Ɗan Isa yake karantawa ba.

Na uku shi ne yadda ake kashe kuɗin horarwa. Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta ware kashi 2 cikin ɗari na kuɗin shigar tarayya, kuma a ciki akwai kason horar da malamai, don haka ba za a ce babu ko kaɗan ba. Sai dai kusan duk horarwar da muka sani wokshop ce ta 'yan kwanaki, a tara malaman darussa daban-daban a zaure ɗaya a yi musu bayani na gama-gari kan tsara darasi da kula da aji, a sa hannu a takardar alawus, a ba da satifiket. Na halarci irinsu kuma ban raina ba, ana ƙaruwa, amma ban tuna wadda aka ware wa koyar da baƙon harshe ba, kuma da yawa sunan malamin Faransanci ba ya ma shiga jerin, sai an gama da Ingilishi da lissafi da kimiyya. In ya samu shiga ma zai dawo da jaka da biro da 'yan takardun da aka buga daga majigi, bayan wata guda ba abin da zai koma ya buɗe. Kuɗin abincin rana na kwana ɗaya a irin taron nan zai buga wa kowane mahalarci ɗan littafi da zai yi shekara yana amfani da shi, wannan lissafin kowa zai iya yin sa.

Na huɗu, harshen malamin kansa yana zubewa. Ɗalibin digiri yana zuwa ƙauyen Faransanci na Badagry da aka kafa a 1991 ya zauna ya jiƙu da harshen, 'yan NCE ma suna zuwa na ɗan lokaci, sukan dawo bakinsu ya buɗe. Daga nan sai a kai mutum ƙauyen da ba mai ce masa bonjour sai yaran da shi ya koya wa, bayan shekara uku in ka kira shi a waya ka juya harshe sai ka ji yana lalube. Wannan ba a jin kunyar faɗarsa, duk harshen da ba a motsa shi yana tafiya. Maganinsa karatu ne da saurare, labarai, gajerun ƙagaggun littattafai na marubutan Afirka, jarida. RFI na da labarai cikin sauƙaƙan Faransanci tare da rubutunsu, tashar talabijin ta TV5Monde na da darussa da takardun malami da aka jera bisa mataki, duk kyauta, amma kyautar intanet sai mai data da caji da sabis, kuma waɗanda suka fi buƙata su ne waɗanda aka kai inda sai an hau tudu ake samun layi. 'Yan'uwanmu malaman Larabci na makarantun boko ma kukansu ke nan, sai dai su aƙalla suna da malaman zaure da littattafai a gari, mu ba mu da kowa.

Sauran matsalolin zan taɓa su a gurguje. Laburare a yawancin makarantunmu suna ne kawai. A wata makaranta da na yi aiki an taɓa kawo kwalayen littattafai har da ƙamus na Faransanci, aka kulle a sito don kar su ɓace, mai makullin aka yi masa canjin wurin aiki, ranar da aka fasa ƙofar gara ta gama da na ƙasa, na sama kuma ruwan rufi ya manne shafukan, na ɗauki ƙamus ɗaya ya rabe a hannuna. Sai lokaci, da yake ana ganin darasinmu ƙarami ne sai a ƙara wa malamin Ingilishi ko soshiyal ko ya zama shi ne mai kula da tsafta da wasanni, yaushe zai zauna ya karanta. Sai kuma ƙarin girma, wanda ya karanta littafi goma ya canja ajinsa da wanda bai buɗe ko ɗaya ba duk rana ɗaya za su hau mataki, satifiket ɗin zama a zaure kawai ake ƙirgawa. Ƙarshenta masu ƙoƙarin cikinmu suna barin aji su tafi ƙungiyoyin agaji ko aikin tafinta, makaranta ta cire darasin daga jadawali shiru ba sanarwa, yara su je babbar sakandare ba mai zaɓarsa a WAEC da NECO, sassan Faransanci na kwalejojinmu su rasa ɗalibai 'yan jiha, sai a dawo ana cewa ai 'yan Arewa ba sa son harshen.

Na san abin da wasu za su ce, na sha ji. Za a ce Nijar ɗin ma ta juya wa Faransa baya, a 2025 ta fice daga ƙungiyar ƙasashe masu amfani da Faransanci ta kuma ɗaga Hausa ta zama harshen ƙasa. Haka ne kuma ni na yi farin ciki da darajar da Hausa ta samu, amma dokar da ta yi hakan ita ce ta bar Faransanci da Ingilishi a matsayin harsunan aiki, kuma Chadi da Kamaru da Benin da Togo har Senegal suna nan, ECOWAS na aiki da shi, Tarayyar Afirka ma haka. Rigimar gwamnatoci da Faransa daban, harshen da maƙwabcinka ke rubuta takarda da shi daban. Za a kuma ce yara na yawo a titi ba makaranta, rufi na zuba, ke kina maganar littafin malami. Ban musa ba, waɗancan sun fi girma. Amma albashin malamin nan ana biya duk wata, minti arba'in ɗin yaran nan ana cinye shi duk sati, in ba a samu komai a ciki ba asara ce da ake tafkawa yanzu haka, kuma gyaranta na cikin mafi araha a duk matsalolin da ke kan teburinku.

Don haka ga abin da muke roƙo, ranku ya daɗe. Duk malamin baƙon harshe da za a ba takardar fostin a haɗa masa da ƙunshin karatu na shekarar farko, bugagge a takarda ba link ba, kar ya yi kauri, ya ƙunshi yadda ake koyon harshe na biyu, dabarun babban aji, gyaran kuskure, koyar da kalmomi da furuci, yadda ake gwada magana ba rubutu kawai ba, da cikakkiyar manhajar NERDC wadda da yawa ba su taɓa ganin ta ba sai sikim da wani ya kwafa da hannu. A sa masa ƙamus mai kyau guda ɗaya nasa na kansa, da katin memori da aka loda wa sauti da bidiyo don ya saurara ba data.

Muna roƙo ku sa a rubuta mana jagoran malami na musamman don ɗalibi mai jin Hausa, da irinsa don Fulfulde da Kanuri da sauran harsunan da yaranmu ke zuwa da su. Masu iya wannan aiki suna ABU Zariya da BUK da Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da Jami'ar Maiduguri da kwalejojin iliminmu, a haɗa su da malaman da ke cikin aji yanzu, kar a bar wa manyan malaman jami'a su kaɗai don wasunsu sun daɗe rabonsu da ajin JSS, a kuma gayyato 'yan'uwanmu na Nijar su zo da abin da suka tara. Bayanin ya zama cikin sauƙin harshe, inda ya kamata a yi da Hausa a yi da Hausa.

A ware mana rana ɗaya a wata, cikin lokacin aiki ba Asabar ba, malaman harshe na kowace shiyya su haɗu a makaranta ɗaya, kowa ya zo ya karanta babi guda da aka yanka, a tattauna, a gwada a aji, wata mai zuwa a dawo a faɗi abin da ya yiwu da abin da ya ƙi. Kuɗin mota kawai wannan ke buƙata da izinin firinsifal a rubuce daga ma'aikata. A haɗa kowane sabo da tsohon malami guda da zai riƙa kira ko da a wata makarantar yake. A ajiye ƙaramin akwatin littattafai a ofishin shiyya da rajistar aro, a ba wa malami riƙon makullin, in littafi ya tsufa a hannun masu karatu ba a yi asara ba. Cibiyoyin koyar da Faransanci na Alliance Française da ke Kano da Kaduna da Jos suna da ɗakunan karatu, ma'aikata za ta iya zama da su a nema wa malaman gwamnati rajista mai rangwame da damar rubuta DELF, don malami ya san matsayin harshensa da ma'aunin da duniya ta sani.

Abin da ya fi ƙarfin jiha kuma, ku ne ke zama a majalisar ilimi ta ƙasa tare da minista, ku kai maganar can. TRCN, hukumar rajistar malamai da dokar 1993 ta kafa, tana neman malami ya ci gaba da ƙaro ilimi kafin ya sabunta lasisi, to a sa wannan karatun na wata-wata ya shiga lissafi, a kuma duba shi wajen ƙarin girma. NTI ta ƙware a koyarwa daga nesa tun 1976, ta buɗe gajeren kwas na koyar da baƙon harshe. A kuma samar da hanyar da malamin da ya yi wasu shekaru a aji zai koma Badagry ko da na sati kaɗan ne lokacin dogon hutu ya wanke harshensa.

Mu a namu ɓangaren mun riga mun fara tattara jerin abubuwan da ake samu kyauta bisa halal, da waɗanda sai an saya, mun kuma ware waɗanda muka gwada a babban aji suka yi aiki. Duk ma'aikatar da ta nema za mu miƙa mata ba tare da ko kwabo ba, kuma akwai tsofaffin malamai a cikinmu da suka ce a shirye suke su riƙe sababbi. Muna fatan kafin a sake raba takardun fostin na gaba a samu ko jiha ɗaya da za ta kira mu a zauna a fara da ƙunshin shekarar farko.

Allah ya ƙara muku lafiya, ya ba ku ikon sauke nauyin da ke kanku. Wassalamu alaikum.

Taku,
Malamar Faransanci, a madadin sababbin malaman baƙin harsuna na makarantun gwamnati a Arewa.